Tsire ne ko suya? Amsoshin tambayoyinku kan sunayen abinci da karin magana

Tambayoyin wannan karon kusan duk a kan abinci suka faɗo, namu da na maƙwabta, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya.

Wani ɗalibi daga Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram ya ce: "Malam, abokaina suna cewa mu je cin suya, ni kuwa a gida tsire na tashi na ji ana faɗa. Wanne ne daidai?"

Na gida ne daidai, ɗana. Suya sunan aiki ne, daga "soya", kuma a kasko ake yin ta, ko cikin mai kamar suyar kaza, ko cikin yashi kamar suyar gyaɗa. Je ka tsaya gaban mai tsire da yamma ka duba, ba za ka ga kasko ba. Zai yanka naman fale-fale, ya soke shi a tsinke, ya birkiɗa shi cikin garin ƙuli da yaji, ya yayyafa mai, sannan ya kakkafa tsinkayen kewaye da wuta a tukuba, yana juya su. Wannan sokewa ita ce tsirewa, daga nan sunan ya fito. In kuwa gunduwa-gunduwa aka ɗora a kan waya, balangu ke nan. In an shanya shi ya bushe, aka tsoma a labu, aka sake shanyawa kafin a nuna masa wuta, ya zama kilishi. Duk ukun gashi ne, babu suya a cikinsu.

Mahautanmu ne suka kai sana'ar kudancin Najeriya, masu saye a Legas da Ibadan suka kama kalmar "suya" suka laƙaba wa tsire, a Kamaru kuma suka ce "soya". Ba na ganin laifinsu, baƙo abin da kunnensa ya ɗauka shi yake faɗa. Abin da ke damuna shi ne ɗan Damagaram ya je ya karɓo kalmar gidansu daga bakin baƙo, ya dawo yana gyara wa kakarsa magana. 'Yan Sudan ma sun fi kusa da gaskiya. Su "agashe" suke kiran tsire, wato "a gashe", kamar yadda suka ji daga bakin Hausawan da hanyar Makka ta zaunar a can. Alhazan ƙafa sun daɗe suna ratsa ƙasar, wasu su yi shekaru suna noma da sana'a kafin su haye Bahar Maliya, wasu su zauna ke nan. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka ci rundunar Sarkin Musulmi Attahiru, jama'a mai yawa ta yi hijira gabas, har aka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Tsire ya bi su, kuma har yau yana nan a kasuwannin Sudan.

Tunda an taɓo wurin, bari in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Yaran yanzu komai "dafawa" ne ko "yi". Na dafa tuwo, na yi fura, na yi dambu. Haba! Tuwo tuƙa shi ake, kuma kafin tuƙi akwai talge. Fura damawa ake, waina a toya ta a tanda, dambu a turara shi, sakwara a kirɓa, kai da ƙafa a babbake, kifi a yi bandarsa. Kowace kalma cikin waɗannan tana gaya maka kayan aikin da aka ɗauka, da irin wutar da aka hura, da yadda hannu ya motsa. Yarinyar da ba ta san kalmar talge ba, da wuya in ta san lokacin da ake zuba gari.

Wata malamar makaranta daga Magarya tana son ma'anar "Kowa ya ci shinkafar rance, tasa ya ci." Malama, ai sai ya biya, don haka daga rumbunsa ya ci tun ba a kai ga girbi ba.

Wani bawan Allah da ya yi zaman Abijan ya rubuto: "A Kodebuwa akwai abincin da ake kira garba. Shin da gaske sunan mutum ne?"

Sunan mutum ne, Alhaji, Garban da ka sani, laƙabin mai suna Abubakar. Abincin kansa nasu ne: aceke, wato rogon da aka niƙa aka bar shi ya yi tsami aka turara, a ɗora masa soyayyen kifin teku da ake kira tuna, da yankakken barkono da tumatir da albasa, a zuba man suyar a kai. Amma 'yan Nijar masu ci-rani ne suka yi fice wajen sayar da shi a bakin titi, sai sunan mai sayarwa ya koma kan abin sayarwa. Aceken nan ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu, a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa sana'ar yin sa cikin al'adun duniya da ake tattali.

Ka ƙetara Gana ka ga abin ya fi haka yawa. Abincin safe da suke ji da shi, wanda suke rubutawa "waakye" su furta "wace", wakenmu ne, shinkafa da wake aka gutsure wa suna. Jan launin da yake yi kuwa daga karan dafi ne da ɗan kanwa, karan dafin nan dai da majema da dukawanmu na unguwar Birni suke rina jar fata da shi. Suna da "tuo zaafi", tuwo mai zafi ke nan. Suna da "Hausa koko" da "koose", kokonmu da ƙosanmu, ana sayarwa da sassafe a Kumasi da Akra. Wannan duk aikin fatake ne. Ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro, su sauka Salaga da kanwa da fata da tufafi, ba su tafi da kaya kaɗai ba, sun tafi da masu yi musu girki. Inda suka yada zango nan unguwa ta tashi, har yau "zongo" ake kiran irin waɗannan unguwanni a Gana, sunan da unguwar Zango ta nan garin take ɗauke da shi, kuma dalilin ɗaya ne. Ina son matasanmu su san wannan. Wanda ya san har ina harshensa ya kai, ba zai riƙa jin nauyin kiran tuwo da sunansa a gaban baƙi ba.

Wata 'yata daga Sabon Gari ta tambaya ko "jollof" da dafa-duka abu ɗaya ne.

Dangi ne. Sunan daga Jolof ya fito, tsohuwar daular Wolof a ƙasar Senegal ta yau. Su can abin alfaharinsu "ceebu jën" ne, ma'ana shinkafa da kifi, ana yin sa da karyayyar shinkafa, da kifin da aka tsaga aka cusa wa kayan ƙamshi, da kabeji da karas da rogo. Garin Saint-Louis ake danganta shi da shi, kuma UNESCO ta karɓe shi a 2021. In kina maganar na Senegal, kira shi da sunansa. In kuwa ke kika zuba shinkafa da mai da tumatir da nama cikin tukunya ɗaya a gidanku, dafa-duka kika yi, kuma ban san sunan da ya fi wannan faɗin gaskiyar abin ba.

"Albasa ba ta yi halin ruwa ba", in ji wani manomin rani daga Miriya, me ake nufi? Kai ka fi kowa sanin ruwan da albasa take sha kafin ta yi kai, amma ta fito da yaji, ruwa kuwa ba ruwansa. Ɗa ne bai gado halin kirkin iyayensa ba. Ba a faɗin ta don yabo, na ji wani a rediyo ya yi haka ga yaron da ya fi ubansa ilimi, kuskure ne.

Wani dattijo daga Birni ya ce jikokinsa sun kawo masa kuskus na kwali, shi kuwa ya ga ai dambu ne. Yana son in raba gardama.

Baba, ranka ya daɗe, idonka bai yi ƙarya ba, dabarar ɗaya ce: tsaki ne ake turarawa a tukunya mai huda a kan tururin ruwa, mu muna ce mata madambaci. Bambancin yana ga hatsi da mahaɗi. Kuskus na mutanen Magrib da tsakin alkama aka fi yin sa, a mulmula shi da hannu, a ci da romon nama da kayan lambu, musamman ran Juma'a a Maroko. Ƙasashe huɗu ne suka haɗu, Aljeriya da Maroko da Muritaniya da Tunisiya, aka yi masa rajista a UNESCO a 2020. Dambunmu kuwa na gero ne ko masara ko shinkafa, a cuɗa shi da zogale da albasa da mai da yaji, wani ya ƙara ƙuli. Burabusko kuma daga Barebari muka samo shi, ba abin mamaki ba ne ga Damagaram, ƙasar da ta daɗe tana bin Borno kafin ta tsaya da ƙafarta. Dambun nama ba a turara shi, kamannin warwatsewar ne ya ba shi suna.

Wannan ya kawo ni ga wani abu da nake so a lura da shi, don kada a ce na hana aro. Ban hana ba. Alkama da albasa daga Larabci suke, haka alkubus daga "al-khubz", haka alkaki daga "al-ka'k", haka gurasa, haka shayi. Garin nan yana kan hanyar ayarin da ke tasowa daga Tarabulus ya bi ta Gat da Agadas ya nufi Kano, kuma a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ciniki ya yi ƙarfi ƙwarai. Kakanninmu sun ga abin da ba su da shi, sun karɓa da sunansa, sun lanƙwasa sunan ya dace da bakinsu, sun kuma ƙware har alkakin Damagaram ya zama tsarabar da ake tambayar matafiyi. Wannan aro ne mai dalili. Wanda nake ƙi shi ne a ajiye kalmar da ake da ita a ɗauko ta wani don a burge.

Wani direban motar Tanut yana tambayar "Tuwon girma miyarsa nama." Girma ba a riƙe shi da baki, malam, sai da hidima. Wanda yake son a kira shi maigida ko uban tafiya, to ya shirya buɗe aljihu.

Wata Hajiya ta ce ta ga ana rubuta "abincin ya yi santsi" ana nufin daɗi, ta rasa gane ko ita ce ba ta sani ba.

Ke ce kika sani, Hajiya. Santsi na laka ne da sabulu da miyar kuɓewa, abin da ke sa ƙafa ko hannu ya zame. Santi kuwa ba a jikin abinci yake ba, a bakin mai ci yake. Ana tsakiyar cin tuwo, kowa ya yi shiru, sai wani ya ɗago kai ya ce, "Wai har yanzu jirgin Makka bai dawo ba?" alhali ba wanda ya yi zancen jirgi. Ko ya kama yabon mai girkin da danginta kaf, ko ya yi alƙawarin abin da bai da shi, ko ya riƙa kaɗa ƙafa yana ɗan waƙe-waƙe. Sai a fashe da dariya a ce santi ya kama shi. Daɗin ne ya kwance masa linzamin harshe. Shi ya sa a gidan surukai mutum yake cin abinci a tsanake bakinsa a rufe, kuma shi ya sa uwargida take jin daɗi in baƙo ya yi santi, don yabo ne da ba a shirya shi ba. Abinci dai ba ya santi, sa santi yake yi. Masu rubutu a Facebook, don Allah a kula da wannan harafi ɗaya.

Wani ya tambayi asalin "Abincin wani gubar wani." Ta zauna a bakin mutane yanzu, amma ni ƙamshin Turanci nake ji a jikinta, don suna da irinta sak. In ana maganar bambancin abincin ƙasashe, na fi son a ce "Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi." Mutumin Habasha da injerarsa mai tsami ta garin tef, Buzu da tagellarsa da ake gasawa cikin yashi da toka, mu da furarmu, kowa abin da aka yaye shi da shi ne ya fi masa.

Tambaya ta ƙarshe daga wata mai sayar da kayan sanyi a kasuwar Dole: me ya sa wasu ke ce wa zoɓo bisap? Kalmar Wolof ce, 'yata, ta biyo Faransancin ƙasashenmu ta shigo. A Sudan da Masar karkade suke cewa, a Gana sobolo, a kudancin Najeriya zobo, wanda namu ne aka sauke wa ƙugiyar ɓ. Ganyen da ake miya da shi yakuwa ne ko sure, jan da kike jiƙawa shi ne zoɓo ko zoɓorodo, 'ya'yan kuma da su ake daddawar batso. Rubuta zoɓo a jikin kularki, masu saye za su gane.