Ina so in baƙanta marfin tayar motata, fentin roba zai riƙe kuwa?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Marafan tayar motata na roba ne masu ruwan azurfa, duk sun koɗe sun kakkarce, ni kuma baƙi nake so. Wani abokina ya ce in sayi fentin roba na gwangwani in fesa da kaina, wai in na gaji da shi sai in ɓare abina. Dan Allah gaskiya ne? Kuma ba zai ɗaye ba in an kai mota wanki?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka bai yi ƙarya ba. Wanda aka fi sani shi ne Plasti Dip, wani kamfani a Minnesota ta Amurka ke yin sa, asali ma don mariƙin filaya da irin su aka yi shi kafin masu mota su gano shi. In ya bushe roba yake zama, baƙi mara sheƙi.

To amma wallahi inda mutane ke faɗuwa shi ne rowar feshi. Mutum zai yi hawa 2, ya ga ya yi baƙi sai ya ce an gama, kaga ranar da ya zo ɓarewa sai ya riƙa fita guntu-guntu yana maƙalewa a lungu, ga shi tun kafin nan ma tsakuwar hanya ta fara huda shi. Ka yi hawa 5 ko fiye. Na farko sama-sama, kana hango azurfar a ƙasa, sauran kuma ka jiƙa shi sosai amma kar ya kai ga zuba, ka bar kamar minti 30 tsakanin kowane hawa, gwangwanin kuma nesa da marfin kamar santimita 20, kana juya marfin don feshin ya shiga gefe-gefe.

Kafin duk wannan ka cire marafan daga mota, kar feshi ya je kan birki. Ka wanke su da sabulu, ka goge da sifirit, su bushe ƙarau. Ƙurar birki da man nan da ake shafa wa taya don ta yi ƙyalli, in ko kaɗan ya rage robar ba za ta kama ba. Karce mai zurfi kuma ka bi shi da sanfefa, don wannan fentin ba ya ɓoye rami.

A fili za ka yi, da takunkumi, nesa da wuta, abin yana kamawa da wuta.

Maganar wanki, sabulu da ruwa ba sa yi masa komai. Ka dai ba shi aƙalla awa 4 kafin ka mayar, ni na fi son ya kwana. Ka gaya wa mai wanki kar ya manna bakin injin ruwa a gefen marfin, nan ne yake fara ɗagawa, kuma kar a goge shi da fetur, narkar da shi yake yi.