Amsa: Inshorar dole za ta biya katangar da ka rushe?

Malam, ka ce birki ya ƙwace maka a wajen Ƙofar Ƙaura, ka daki katangar wani shago, kana tambaya ko inshorarka ta naira 15,000 za ta biya.

Za ta biya, in ta gaske ce. Tun 1 ga Janairu 2023 NAICOM, hukumar kula da harkar inshora ta Najeriya, ta ɗaga abin da wannan inshorar take ɗauka na ɓarnar dukiyar wani zuwa naira miliyan 3 ga motar gida. Katangar da kayan shagon suna ciki. Amma motarka kai, ko fitila ɗaya ba za a saya maka ba, kuma abin da ya haura miliyan 3 daga aljihunka zai fito.

Fara duba lambar motarka a rumbun NIID, wato rumbun bayanan inshora na Najeriya da ke intanet, domin takardun bogi sun yi yawa a bakin ofisoshin lasisi. Sannan ka ɗauki hoton wurin kafin a kwashe bulo, ka karɓi rahoton 'yan sanda, ka sanar da kamfanin inshorar nan take. Mai shago ya kawo ƙiyasin magini a rubuce.

Don Allah kada ka sa hannu a wata yarjejeniyar sulhu kafin kamfanin ya sani. Nan ne suke samun hujjar ƙin biya.