Shin rubab zai yi a Kano?

Tambaya: 'Yata da ke karatu a Ingila ta aiko min da irin wata shuka, wai rubab, mai jan kara da tsami. Ban taɓa shuka komai ba. Zai yi a tsakar gidanmu? Daga wata uwargida, Gwammaja.

Amsa: Hajiya, gaskiya da wuya. Rubab ɗan ƙasashen sanyi ne. Saiwarsa sai ta yi makonni a kwance cikin sanyin da ya gaza digiri 5 kafin ta sake tofowa, mu kuwa ko a tsakiyar hunturu ba kasafai muke kaiwa nan ba. Na taɓa gwada shi a tukunyar ƙasa a gindin darbejiya. Ya fitar da ganye huɗu masu kyau, zafin Afrilu na shigowa ya kwanta. Abin ya dame ni ƙwarai.

In kin nace, ki shuka a Nuwamba, a inuwa, da taki ruɓaɓɓe, ki riƙa ban ruwa safe da yamma. Karan kaɗai ake ci. Ganyen guba ne, don Allah a nisanta yara da awaki.

Ni dai da yakuwa zan so ki fara, farkon damina. Tsaminsu ya yi kama, tana jure zafinmu, ga miya, ga zoɓo da kaka.