Tsofaffin Fastocin Fina-finan Ban Tsoro: Takarda Ake Saya, Ba Hoto Ba

"Salamu alaikum. Na ga fastar Dracula na 1931 a wani shagon intanet, dala 60, an ce ta asali ce, har da takardar shaida. In saya?" Daga wani matashi a Kaduna.

Wa alaikumus salam. Ƙanena, in ado kake nema wa bangon ɗakinka, saya, Allah ya sa albarka. Amma kada ka gaya wa kowa cewa ta asali ce. A watan Nuwamba na 2017 kamfanin gwanjo na Heritage da ke Dallas ya sayar da fastar wannan fim a kan dala 525,800, kuma a lokacin guda biyu kacal aka sani irinta a duniya. Ta The Mummy na 1932 ta tashi dala 453,500 a kamfanin gwanjo na Sotheby's tun 1997. To wa zai bar maka irin wannan a dala 60? Araha ba ta ado.

Abin da masu wannan harka ke kira fasta ta asali shi ne wadda kamfanin fim ya buga domin gidajen silima a lokacin da fim ɗin ya fito. Ba ta sayarwa ba ce tun farko. A da, a Amurka aro ake ba gidan silima, ya kafa ta mako ɗaya ko biyu, ya mayar, ta wuce gari na gaba, har ta yage a zubar. Waɗanda suka tsira, da yawansu gangamin tattara tsofaffin takardu da aka yi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya cinye su. Shi ya sa na shekarun 1930 suka yi wuya haka. Wasu ma a rufin wani gida aka tsinto su a garin Berwick na jihar Pennsylvania, manne da juna, aka ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya aka yi gwanjonsu a 2012.

Fara da abin awo. Babbar fastar Amurka kafin tsakiyar shekarun 1980 inci 27 ce da 41, daga baya ta koma 27 da 40. In ka ga 24 da 36, ta shago ce, an buga ta ne don masu ado. Sannan ka duba ninki. Akasarin tsofaffin a ninke ake aika su, ninki ɗaya a tsaye, uku a kwance, sai ka ga gida takwas. Sabon shiga yana ganin layin ninki sai ransa ya ɓaci, alhali shi ne abin da ya kamata ya kwantar masa da hankali. Fastar 1960 da ta zo a naɗe, santsi, fara ƙal kamar jiya ta bar injin, ita ce abin tuhuma.

Daga wajen 1940 zuwa shekarun 1980 kamfanin National Screen Service ne ke rarraba fastoci, kuma yana sa lamba a gefen ƙasa. Lambobi biyun farko shekara ce. In ka ga harafin R a gaba, kamar R51, fim ɗin an sake fito da shi ne a 1951. Irin wannan ma ta silima ce ta gaskiya, kuɗinta dai bai kai na fitowar farko ba, kuma mai sayarwa na kirki zai faɗa maka kafin ka tambaya. Amma lamba kaɗai ba hujja ba ce, don mai jabu da ya ɗauki hoton fasta ya ɗauka har da lambar. Nemi a turo maka hoton ƙananan rubutun ƙasa daga kusa. A ta asali haruffan suna fitowa tsaf, a ta jabu bakinsu na yin dishi-dishi. Nemi hoton bayanta kuma, nan ne ake ganin tambarin gidan silima, rubutun fensir, da launin tsufa.

Ita kuwa takardar shaida, kowa mai firinta zai iya bugawa. Manya ma an yi musu sakiyar da ba ruwa. A 2009 asirin wani mutum daga jihar Georgia ya tonu: yana sa a buga sabbin hotunan fina-finan ban tsoro na kamfanin Universal, a manna su a kan tsofaffin katunan tallar fim na gaske da aka goge fuskarsu, sai takardar ta zama tsohuwa, hoton sabo. Ya damfari ƙwararru fiye da dala miliyan ɗaya, kotu ta ɗaure shi a 2012. Don haka wurin da ka saya ya fi abin da aka rubuta maka muhimmanci. Saya a inda aka yarda a karɓi kaya a mayar maka da kuɗinka in ya tabbata jabu ne.

Shawarata, ka manta da shekarun 1930 tukuna. Fastocin shekarun 1970 da 1980 na fina-finan da ba su yi suna sosai ba suna samuwa da sauƙin kuɗi, kuma ba kowa ke ɓata lokacin yin jabunsu ba. Akwai ƙananan katunan da ake jerawa a harabar silima, inci 11 da 14, takwas-takwas ake buga su, suna shiga ambulan. Akwai fastocin Japan masu girman da ake kira B2, wanda bai kai na babbar fastar Amurka ba, waɗanda zanensu sau da yawa ya fi na Amurka tsoratarwa. Ka riƙe na gaske biyar ko shida a hannunka, ka san nauyin takardar da ƙamshinta, kafin ka kai hannu kan mai tsada.

"Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, ya yi aiki a gidan silima. Mun samu fastocin Indiya a akwatinsa, wasu na aljanu da macizai. Yayana ya ce mu kai a yi musu lamineshin." Daga wata baiwar Allah a Kano.

Amin, Allah ya kai haske kabarinsa. Hajiya, don Allah ki riƙe hannun yayan nan naki. Lamineshin leda ce ake narkawa ta kama takarda, ba ta ciruwa, kuma fastar da aka yi wa haka ta tashi daga kayan tarihi, babu mai tarawa da zai kalle ta. Haka salatif: yau ya rufe yaga, bayan shekaru ya bar tabo ruwan ƙasa da ya ratsa har fuskar hoton. Abin da ya yage ku bar shi a yage.

Ki duba ko akwai na 'yan'uwan nan Ramsay, waɗanda suka riƙe fim ɗin ban tsoro a Indiya shekara da shekaru, irin su Purana Mandir na 1984 da Veerana na 1988. Suna da masu nema. Ba zan ce miki za ku sayi gida da su ba, domin an buga su da yawa, kuma a kan takarda marar ƙwari. Amma in akwai tambari ko rubutun hannu da ke nuna an kafa su a silimar Plaza ko Orion ko Eldorado, kada a goge. Wannan rubutun shi ne ya bambanta naku da na kowa.

Ajiya kuwa, maƙiyanku a Kano sanannu ne: gara, kyankyaso, laimar damina, da rana. Ku fitar da su daga akwatin ƙarfe in ya fara tsatsa. A shimfiɗa su a kwance, a sa farar takarda marar asid tsakanin kowace biyu, ban da jarida, a ɗaga su daga ƙasa da jikin bango. Kada a yi ta buɗewa ana ninkewa don nuna wa baƙi, nan layin ke tsagewa. A ɗauki hotonsu da waya sau ɗaya. Wadda za a sa a firem, kada gilashi ya taɓa ta, kuma kada ta fuskanci taga, ja ne launin da rana ke fara sha, shi ne kuwa jarin fastar ban tsoro. Masu gyara a Turai da Amurka suna manna fasta a kan takarda da ƙyalle da kunun alkama wanda za a iya jiƙawa a cire, amma aikin gwani ne, sau da yawa ladansa ya fi kuɗin fastar.

"Wani Bature na neman tsofaffin zanen fim da ake yi a kan buhun fulawa. Ina da biyu. Na gaske ne ko wasa?" Daga wani ɗan Zango a Kumasi.

Malam, abin da ke hannunka ya fi yawancin abin da ake tallatawa a intanet daraja a wajena, domin kowanne guda ɗaya ne tal. Daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa ƙarshen 1990, masu yawo da bidiyo da talabijin da janareta a Gana suna sa masu zane irin su Joe Mensah da Leonardo da Heavy J su zana musu talla da fentin mai a kan buhunan fulawa da aka ɗinke. Wani lokaci mai zanen bai ma kalli fim ɗin ba, sai ya ƙara jini da gatari yadda ransa ya so. Yau ana baje su a gidajen zane na Amurka da Turai.

Sai dai masu zanen suna nan suna yin sababbi don masu saye na waje, kuma kuɗin ba ɗaya ba ne. Tsohon da ya yi aiki za ka ga fentinsa ya tsattsage wajen naɗi, kusurwoyi da hujin ƙusa, sau da yawa da sunan kulob ɗin bidiyon a jiki. Kada ka wanke, kada ka ba wani ya sabunta fentin. Nemi sa hannun mai zanen da shekara, ka ji farashi daga mutum biyu ko uku kafin ka ce wa Baturen ka sallama.

"Sayen tsofaffin fastocin fim jari ne mai kyau?" Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi.

Ga mai zaune a wannan yanki namu, a'a, Alhaji. Kamfanin gwanjo na ɗora wa mai saye la'ada da kan kai kashi 20 cikin ɗari ko fiye, ga kuɗin aike, ga kwastan, ga canjin dala. Ranar da za ka sayar, sai ka sake aika ta waje, a sake cire la'ada. Farashin da ka ji a labarai na fastoci 'yan ƙalilan ne da ba su kai cikin cokali ba. In kana son zanen, ware abin da ba zai taɓa jarinka ba ka saya ɗaya.