Tambayoyinku: Sayyid, Siyad Barre da Yadda Ake Samun Kujera a Somaliya

Wasiƙun da suka taru mana a wannan fitowar yawancinsu kan Somaliya ne. Ba abin mamaki ba ne, domin mazaunin Jidda ko Makka kullum yana cuɗanya da Somalawa a masallaci da kasuwa, ko ba komai ya ci naman ragon barbari mai baƙin kai da ake lodowa daga tashar Berbera. Ga waɗanda muka zaɓa.

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, wani maƙwabcina Basomale a Shara Mansur ya ce mutumin da ya fi ba Turawa wahala a ƙasarsu a nan Makka ya karɓi ɗariƙa. Gaskiya ne? Daga wani ɗalibi, Makka.

Amsa: Maƙwabcinka bai yi ƙari ba. Sayyid Muhammad Abdullahi Hasan yake nufi. Ya zo aikin hajji a tsakiyar shekarun 1890, ya zauna gaban Shehu Muhammad Salih, malami ɗan asalin Sudan kuma shugaban ɗariƙar Salihiyya, sannan ya koma Berbera a 1895 yana wa'azi. Mutanen garin ba su karɓe shi ba, domin Ƙadiriyya ta riga ta kafu a can, ga shi kuma yana sukar taba da cin ganyen kat. Sai ya nausa cikin ƙasa wajen makiyaya, kuma daga 1899 ya fara yaƙi da Ingila da Habasha, daga baya har da Italiya. Mayaƙansa ana kiransu Darawish.

Abin da ya sa ya yi shekara ashirin ba a gama da shi ba shi ne dawakai da sanin rijiyoyi. Ingila ta aika masa runduna har sau huɗu tsakanin 1901 da 1904, ta yi masa mummunar ɓarna a Jidbali, amma kullum sai ya sulale ya sake tara mutane. A 1913 mayaƙansa suka kashe kwamandan Ingila Richard Corfield a Dul Madoba. Kuskurensa na yaƙi shi ne da ya daina yawo ya gina ganuwar dutse a Taleh. A farkon 1920 Ingila ta kawo jiragen sama goma sha biyu, kuma ganuwa ba ta gudu. Cikin 'yan makonni aka tarwatsa shi, ya rasu da rashin lafiya a Imi a ƙarshen shekarar. Kada ka ɗauka duk Somalawa suna yabonsa: ya kwashe dabbobin ƙabilun da suka ƙi bin sa, kuma mabiya Salihiyya ne suka kashe Shehu Uwais al-Barawi na Ƙadiriyya a 1909.

Tambaya: Ranka ya daɗe, muna musu a shagon ɗinki. Wasu sun ce Siyad Barre a Najeriya ya mutu, wasu sun ce a Kenya. Sannan yaya aka yi mai soja irin nasa ya faɗi? Daga wani tela, Jidda.

Amsa: Masu cewa Najeriya su ne da gaskiya. Ya bar Mogadishu a ƙarshen Janairun 1991, ya yi ta ƙoƙarin dawowa daga yankinsu na Gedo, da abin ya ƙi ya tsallaka Kenya a 1992, daga can gwamnatin Babangida ta ba shi mafaka. Ya rasu a Legas ranar 2 ga Janairun 1995, aka kai gawarsa Garbaharey aka binne.

Faɗuwarsa kuwa ba a rana ɗaya ta zo ba. Ya karɓi mulki ranar 21 ga Oktoban 1969, kwana shida bayan wani ɗan sanda ya harbe Shugaba Abdirashid Ali Sharmarke a Las Anod. Shekarunsa na farko yana da abin nunawa: a 1972 ya tsayar da haruffan boko don rubuta harshen Somali, ya tura ɗalibai karkara su koya wa makiyaya karatu, a 1974 ya shigar da ƙasar Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa. Amma a Janairun 1975 ya sa aka harbe malamai goma da suka yi huɗuba kan sabuwar dokar iyali da ta daidaita rabon gado tsakanin mace da namiji, kuma wannan jinin bai taɓa wankuwa a idon jama'a ba.

Yaƙin Ogaden, yankin Somalawa da ke cikin Habasha, shi ne ya karya ƙashin bayansa. A Yulin 1977 sojojinsa, ƙarƙashin Janar Muhammad Ali Samatar, suka shiga Habasha suka kama Jijiga da mafi yawan yankin, amma Harar da Dire Dawa suka gagare su. Matsalar ita ce tankoki da jirage da kayan gyaransu duk na Tarayyar Sobiyet ne, ita kuwa ta juya ta koma bayan Mengistu, shugaban Habasha. Barre ya kori mashawartanta a Nuwamban 1977, ita kuma ta yi ta jigilar makamai da dubban sojojin Kuba zuwa Habasha. A Maris ɗin 1978 Jijiga ta suɓuce, aka janye. Wata guda bayan haka wasu hafsoshi suka yi yunƙurin juyin mulki, aka kashe goma sha bakwai daga cikinsu, Kanar Abdullahi Yusuf Ahmed ya tsere Habasha ya kafa ƙungiyar tawaye ta SSDF.

Daga nan ne mutumin da ya taɓa sa a binne mutum-mutumin ƙabilanci a bainar jama'a ya koma ba ya yarda da kowa sai dangin gida uku: Marehan na ubansa, Ogaden na uwarsa, da Dhulbahante na surukinsa mai riƙe da hukumar leƙen asiri. Idan ƙarin girma a soja ya koma na dangi, to duk hafsan da aka tsallake ya zama ɗan tawayen gobe. Akwai hannun mazauna ƙasar nan ma a labarin: ƙungiyar SNM ta mutanen arewa, wadda aka ƙaddamar a Landan a 1981, 'yan ƙabilar Isaaq masu aiki a Saudiyya suna cikin waɗanda suka kafa ta suka kuma zuba mata kuɗi. Shi kansa Barre nan aka kawo shi jinya bayan haɗarin mota a Mayun 1986, kuma tun yana kwance na kusa da shi suka fara rigimar gado. A 1988 ya sa jirage da manyan bindigogi suka ragargaza Hargeisa da Burao, dubun-dubatar fararen hula suka mutu. Kafin 1990 ta ƙare, mafi yawan ƙasar ya suɓuce daga hannunsa.

Tambaya: Malam, da gaske sojojin Najeriya sun yi yaƙi da Janar Aidid? Daga wani direba, Riyad.

Amsa: Sun je ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Muhammad Farah Aidid tsohon hafsa ne da Barre ya taɓa ɗaurewa shekaru, daga baya ya tura shi jakada a Indiya. Bayan faɗuwar Barre ya raba Mogadishu biyu da Ali Mahdi Muhammad, alhali dukansu 'yan ƙabilar Hawiye ne. A 5 ga Yunin 1993 aka kashe sojojin Pakistan 24, Majalisar ta ɗora laifin a kan Aidid ta sa ladan dala 25,000 a kansa, kuma daga ranar ta tashi daga mai shiga tsakani ta zama ɓangare a faɗan. A Satumba aka kashe sojojin Najeriya bakwai. A 3 ga Oktoba aka kakkaɓo jiragen Amurka masu saukar ungulu guda biyu, sojojinta 18 suka mutu tare da ɗaruruwan Somalawa. Da Aidid ya saki matuƙin Amurka da ya kama, tare da wani sojan Najeriya ya sake su. Ba a taɓa kama shi ba. Harbin da aka yi masa a faɗan cikin gari ne ya yi ajalinsa a Agustan 1996, ɗansa Husaini, tsohon sojan Amurka, ya gaje shi.

Tambaya: Don Allah a yi mana bayani dalla-dalla. Na ga ana cewa an zaɓi shugaban Somaliya, amma abokan aikina Somalawa sun ce ba su taɓa jefa ƙuri'a ba. Wa ke zaɓen? Daga wani ma'aikacin otal, Madina.

Amsa: Ɗan'uwa, abokan aikinka gaskiya suka faɗa maka. Zaɓen majalisar ƙasa na jam'iyyu da yawa na ƙarshe da kowa ya jefa ƙuri'arsa kafin rushewar gwamnati shi ne na Maris ɗin 1969, inda jam'iyyu sama da sittin suka tsayar da mutum sama da dubu don kujeru 123. Tsarin da aka bi a 2017 da 2022 ya samo asali ne daga taron sulhu na Arta a Jibuti a 2000, kuma ana ce masa huɗu da rabi.

Ga yadda lissafin yake a waɗannan zaɓuɓɓukan. Majalisar wakilai tana da kujeru 275. Manyan gidaje huɗu, wato Darod da Hawiye da Dir da Digil-Mirifle, kowanne yana da 61, jimla 244. Ragowar 31 na ƙananan al'ummomi ne a haɗe, su ne rabin. Kowace kujera mallakar wani reshe ne na dangi, ba ta mazaɓa ba ce. Dattawan reshen su ke tsamo wakilan da za su zaɓi ɗan majalisa: mutum 51 a kan kowace kujera a 2016, aka ƙara zuwa 101 a zagayen da ya biyo. Majalisar dattawa mai kujeru 54 kuwa majalisun jihohi ke cika ta, daga sunayen da shugaban jiha ya gabatar. Sai a haɗa majalisun biyu, mutum 329, a wani ɗakin ajiye jirage da ke cikin filin jirgin Mogadishu, inda tsaro ya fi tsanani, su zaɓi shugaban ƙasa a asirce.

A zagayen farko sai mutum ya samu kashi biyu cikin uku. In ba a samu ba, huɗun farko su je zagaye na biyu, sannan biyun farko su kara a na uku, mai rinjaye ya ɗauka. Wannan ya sa wanda ke gaba da safe ba lallai shi ke rantsuwa da dare ba. A 15 ga Mayun 2022 Sa'id Abdullahi Deni, shugaban jihar Puntland, ne ya zo na ɗaya a zagayen farko, amma ya faɗi a na biyu, ƙuri'un waɗanda aka fitar suka taru kan Hasan Sheikh Mahmud ya kayar da shugaba mai ci Muhammad Abdullahi Farmajo da 214 da 110. Akwai kuma al'adar da ba a rubuta ba: in shugaba ɗan Hawiye ne, firaminista ɗan Darod ne, ko akasin haka, kakakin majalisa kuma daga Digil-Mirifle.

Inda abin ke lalacewa a fili yake. Masu zaɓe kaɗan ne, saboda haka sayensu ba wuya. Wanda ya tsara jerin wakilai 101 ya riga ya ci kujerar, shi ya sa shugabannin jihohi suka fi kowa ƙarfi a lokacin. Dattijon da ke zaune a yankin da Al-Shabab ke kai-komo yana zaɓe ne da ransa a hannu. Sannan babu mai tilasta jadawali: wa'adin Farmajo ya ƙare a Fabrairun 2021, majalisar wakilai ta ƙara masa shekara biyu a Afrilu, sojoji suka rabu gida-gida suka yi musayar wuta a Mogadishu, aka soke ƙarin, amma zaɓen bai yiwu ba sai bayan wata goma sha biyar. Duk da haka a ba tsarin haƙƙinsa: a 2012 da 2017 da 2022 shugaba mai ci ya faɗi kuma ya sauka. Wannan ma suna da tarihinsa, domin shugabansu na farko, Aden Abdullahi Usman, da majalisa ta kayar da shi a 1967, miƙa mulki ya yi ya koma gonarsa.

Tambaya: Malam, kullum maza ake lissafowa. Babu matan da suka yi fice ne? Daga wata uwargida, Jidda.

Amsa: Akwai, Hajiya, kuma aikin wasunsu ya fi na janar-janar ɗin amfani. Dakta Hawa Abdi likitar mata ce da ta buɗe ɗan asibiti a gonar gidansu kusa da Afgoye a 1983. Da yaƙi ya ɓarke, wurin ya zama matsugunin dubun-dubatar 'yan gudun hijira. A 2010 mayaƙa suka mamaye asibitin suka tsare ta, ta ƙi barin wurin, kuma ba ta haƙura ba sai da suka ba ta haƙuri a rubuce. Ta rasu a 2020. Edna Adan Isma'il ungozoma ce da ta yi aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya, ta zuba kuɗin fanshonta ta gina asibitin haihuwa a Hargeisa a filin da a da juji ne, aka buɗe a 2002, sannan ta riƙe ministar harkokin wajen Somaliland, yankin arewa da ya ɓalle, daga 2003 zuwa 2006. A taron Arta, Asha Haji Elmi ta tattara mata suka ce su gida ne na kansu, tunda mace a tsarin dangi ba ta cika zama ta gidan ubanta ba kuma ba ta gidan mijinta ba, kuma da haka suka samu kujeru. Fauziya Yusuf Haji Adan ta zama mace ta farko ministar harkokin waje kuma mataimakiyar firaminista a 2012. A waje kuma Ilhan Omar, haifaffiyar Mogadishu da ta zauna a sansanin 'yan gudun hijira a Kenya, ta shiga majalisar wakilan Amurka daga Minnesota a zaɓen 2018.

Cikas ɗin matan cikin gida yana cikin lissafin kujerun nan. An yi alkawarin ba su kashi 30 cikin ɗari, amma reshen da kujera ɗaya tak gare shi ba ya yarda ya ba mace, sai ya ce maƙwabci ya bayar. Shi ya sa rabonsu ya tsaya a wajen kashi 24 a 2016, ya sauko kusan 20 a 2022.