Zagayen tafkin Geneva a kan keke: lafewa a gefen titi na tsare mutum?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Aiki ya kawo ni Geneva wata huɗu ke nan, kuma na daɗe ina hawan keke. Ina so ni da ɗana mai shekara 14 mu riƙa fita bakin tafki da bakin kogin Rhône a ƙarshen mako, wata rana ma mu zagaye tafkin gaba ɗaya. To amma makon jiya wata bas ta gifta ni har iskarta ta girgiza keken, tun ranar gabana ke faɗuwa duk sanda na tuna zan sa yaro a wannan titi. Wani abokin aikina ya ce muddin muka lafe a can gefe babu abin da zai same mu. Wace hanya ya kamata mu bi, kuma maganarsa haka take?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya kiyaye gaba. Tsoronka yana kan hanya, bari in fara da hanyoyin tukuna.

Ku soma da gaɓar hagu ta tafkin. Daga Quai Gustave-Ador, inda ruwan Jet d'Eau ke tashi mita 140 sama, akwai layin keke da aka ware har a wuce Genève-Plage, sai ɗan hawa a Vésenaz, sai ƙauyen Hermance a bakin iyaka da Faransa, kimanin kilomita 15 daga gari. In ƙafar yaron ta saba, ku zarce Yvoire, ku sa kekuna a jirgin ruwan CGN ku haye Nyon, ku dawo ta Coppet da Versoix. Wanda ya gaji ya hau jirgin ƙasa. Ku riƙe fasfo, domin za ku shiga wata ƙasa ku fita. Alamomin hanyar keke a Suwizalan jajaye ne da lamba a jiki, 46 ita ce ta zagayen tafki, 1 kuma ta bin kogin Rhône.

Ta ɓangaren kogi, ku je La Jonction ku tsaya a kan gada ku ga yadda Rhône mai ruwa garau ke haɗuwa da Arve mai launin toka da ya sauko daga wajen Chamonix, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya. Daga nan zuwa yamma kogin yana shiga tsakanin gaɓa masu tsayi, hanyar kuma ta bar bakin ruwa ta kama hawa da gangara a gonakin inabi na wajen Satigny. Kada ku yi zaton shimfiɗa ce. Cikakken zagayen tafki kuwa ya haura kilomita 170, da yaro a ba shi kwana uku. Tsakanin Évian da Saint-Gingolph titin matsattse ne, dutse a gefe ɗaya ruwa a ɗaya, ga manyan motoci, ni dai ba zan sa ɗan shekara 14 a wurin ba. Ku hau jirgin ruwa daga Évian zuwa Lausanne ku huta. In iskar bise ta taso daga arewa maso gabas, ku fuskance ta da safe da sauran ƙarfinku, ta turo ku gida da yamma.

Yanzu maganar abokin aikinka. Wallahi babu maganar da na gaji da ji kamar wannan, kuma yawanci daga bakin mutanen da ba su taɓa yin kilomita 20 a titin gari a kan keke ba take fitowa. Suna faɗinta da kyakkyawar niyya, amma gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Ka tuna bas ɗin da ta gifta ka. Na tabbata kana manne da dakalin gefe a lokacin. Direba yana duba gabansa ne ya auna: zan iya wucewa ba tare da na kauce daga layina ba? In ka lafe, amsar da idonsa zai ba shi ita ce eh, sai ya ratsa ta gefenka ba tare da ya rage gudu ba. In kuwa kana kamar mita guda daga gefe, dole ya jira, ya duba, ya kauce sosai kamar yadda zai yi wa mota. A Faransa doka ta ce direba ya bar wa mai keke tazarar mita 1 a cikin gari, mita 1.5 a waje, amma inda kai ka tsaya shi ke tilasta masa tunawa da dokar. Sannan wanda ya lafe bai bar wa kansa wurin gocewa ba. Gefen titi nan ne matattarar tsakuwa da fasassun kwalba da murfin magudanar ruwa. Da ka ga rami sai ka karkato hagu ba shiri, daidai lokacin da wata mota ke kusa da kai.

Sai ƙofar mota. Na taɓa fita da wasu mutum shida, ɗaya daga cikinsu dattijo ne mai natsuwa, na yi ta ce masa ya fito daga jikin motocin da aka ajiye, yana cewa ba ya son ya tare wa mutane hanya. Ba mu yi nisa ba wata mata ta buɗe ƙofa. Har yau ina jin ƙarar kan keken da ya bugi ƙarfen, ina ganin tayar gaba tana juyawa a sama shi kuma yana kwance a tsakiyar titi, dafe da kafaɗa. Allah ya sa babu mota a bayansa. Kunyar tare hanya ce ta kai shi asibiti. Mota a ajiye, ko da ka ga kamar babu kowa ciki, ka ba ta faɗin ƙofa.

Mafi muni shi ne babbar mota a wurin danja. Mai keke ya ga ɗan lungu tsakanin tirela da dakali sai ya kutsa, a ganinsa ai yana gefe, yana cikin aminci. Direban yana can sama, madubinsa ba ya nuna masa wannan wurin, in ya karya kwana dama kuma tayoyin baya suna yanke kwanar su share daidai inda kake tsaye. Saboda haka ne Faransa ta wajabta wa motocin da suka haura tan 3.5 manna takardar gargaɗi a jikinsu tun Janairun 2021. Kada ka taɓa shiga gefen dama na babbar mota ko bas a mahaɗa. Ka tsaya a bayanta ka bar ta ta tafi, daƙiƙa goma ne kawai.

Masu cewa doka ta hana fitowa daga gefe ma ba su karanta ta ba. Gaskiya ne a Suwizalan mai keke yana bin hannun dama, amma bin dama daban, goga taya da dakali daban. A shataletale mai layi ɗaya dokar da kanta ta ba mai keke damar shiga tsakiyar layi, kuma haka ake koya wa yaran makaranta. Wanda ya zagaya ta gefe shi motar da za ta fita ke yanka. Haka layin dogon tiram, wato ƙaramin jirgin ƙasa da ke bin titin gari, da ya cika tsakiyar Geneva: in ka matse tsakaninsa da dakali, tayarka za ta faɗa ramin ƙarfen ta kayar da kai nan take, musamman in an yi ruwa. Ana tsallaka shi ne a gicciye.

Ga yadda za ku yi da yaron. Shi a gaba, kai a baya, ka ɗan fi shi fitowa hagu yadda direba zai fara ganinka. Ka koya masa waiwayen kafaɗa ba tare da keken ya karkace ba, da miƙa hannu tun kafin kwana. Hular kwano ba dole ba ce a doka ga mai keke na yau da kullum a Suwizalan, amma ku sa, kuma ku cire abin sauraro daga kunne, a Faransa ma haramun ne tun 2015. Ranar Lahadi da sassafe, kafin motoci su fito, ku nemi ƙaramin shataletale kusa da gida ku zagaya shi sau goma a tsakiyar layi, sannan ku kama hanyar Hermance.