Me ya sa muryar bidiyona take dusashewa idan na ɗora a intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ɗaukar karatun da malaminmu yake yi bayan Magariba da wayata. A wayar murya tana fita tangaran, amma da na ɗora a YouTube sai ta koma kamar ana magana a cikin tulu. Nakan tura wa abokina ta WhatsApp ya gyara a CapCut, ya maido mini, sannan in ɗora. Ina matsalar take? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ai ka riga ka faɗi inda ɓarnar take da bakinka, kuma laifin YouTube a ciki kaɗan ne.

Ka tuna zamanin kaset? Idan aka kwafi kaset daga wani kaset, aka sake kwafa daga kwafin, kafin a je na huɗu sai huci da shuuu. Haka matse sauti yake. Yawancin manhajojin da ke matse bidiyo don ya yi ƙanƙanta suna zubar da wani ɓangare na sautin, kuma abin da ya zube ba ya dawowa. To mu ƙirga naka. Wayarka ta matse tun wurin ɗauka. WhatsApp ya matse a tafiya, CapCut ya matse wurin fitarwa, WhatsApp ya sake matsewa a dawowa, sannan YouTube ya yi nasa. Sau biyar ke nan. Abin da ke fara tafiya shi ne siririn sautin sama, irin na "s" da "sh" da "ts", wanda da shi ne kunne yake rarrabe kalmomi. A karatun da ake kula da fitar harafi, wannan asara ce babba, kuma tana ba ni takaici idan na ji ta.

Matsewar YouTube ba makawa, kowa ma ana yi masa. Biyun WhatsApp kuwa yau za ka iya kawar da su: ka tura bidiyon a matsayin dokumen, ta wurin da ake liƙa takardu, ba ta wurin hotuna ba. Ta nan fayil yana tafiya yadda yake, har zuwa gigabait 2. Zai ci data, na sani. Idan kuna kusa da juna, ku yi amfani da filashi ko kebul.

Sai wurin fitarwa. YouTube da kansa ya ba da shawarar fayil ɗin MP4 mai sautin AAC, a kan 48 kHz, da 384 kbps ga sitiriyo, ko 128 ga mai layi ɗaya. Idan manhajar abokinka ta ba da zaɓi, ya ɗauki mafi girma. Kada kuma ya cika ƙarar har ma'aunin ya riƙa taɓa ja. YouTube yana rage duk ƙarar da ta wuce kimanin -14 LUFS (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan), don haka ƙarar ba za ta amfane ku ba, sai dai fashewar muryar ta zauna. A bar ƙololuwar ƙarar a ƙasa da -1 dB a ma'aunin manhajar.

Akwai kuma abin da nake zargi tun daga masallacin. Waya tana yaudara, domin ƙaramar lasifikarta ba ta fitar da gurnanin janareta da kaɗawar fanka, amma suna cikin fayil ɗin, kuma manhajar matsewa tana ɓata rabon da ya kamata ta ba murya a kansu. Idan kana zaune a sahu na uku kana ɗaukar amon lasifikar masallaci, amsa-kuwwar bango kake ɗauka. Ka nemi ƙaramin makirufo na maƙalawa, ka maƙala a rigar malam kamar taƙi ɗaya daga bakinsa, a kashe fankar da ke saman kansa. Kafin a fara, ka ɗauki daƙiƙa 20 ka saurara da abin kunne, ba da lasifikar waya ba.

Idan ka ɗora, kada ka goge ainihin fayil ɗin. In za ka sa a Facebook, daga shi za ka ɗauka, kada ka sauke na YouTube ka sake ɗorawa.